Tsakanin Jabi da Galadima: Yaƙin Kwamfutocin da Aka Gwabza a Gefen Kado a 2007

Duk shekara idan jami'o'i suka fara fitar da sunayen waɗanda suka sami gurbin karatu, akwai tambayar da ke dawowa gidajenmu kamar sauron damina: wace kwamfuta za a saya wa yaro? Uba ya ce a je Banex a samo HP ta hannu mai ɗan ƙwari. Yaro ya ce shi MacBook yake so, don ita ya ga masu zane da masu haɗa bidiyo suna riƙewa. Sai wani kawu da ya ɗan karanci harkar ya tsoma baki, ya ce duk ku bar wannan, a sayi mai araha a ɗora mata Linux, kyauta ce kuma ba ta cika kama bairos ba. Ƙarshenta mai kuɗin ne ke yanke hukunci, sauran su koma gunaguni.

Abin da da yawa daga cikinmu suka manta, ko ma ba su taɓa ji ba, shi ne an taɓa yin irin wannan gardama a idon duniya, kuma filin dagar yana nan gefenmu. A 2007 makarantun gwamnati biyu, ɗaya a Jabi, ɗaya a Galadima ta wajen Gwarinpa, su ne wuraren da manyan masu ƙera kwamfuta suka gwada ƙwanjinsu a kan wace na'ura da wace manhaja yaran ƙasashe masu tasowa za su tashi da ita. 'Yan jarida daga Ingila da Amurka sun yi ta zarya tsakanin makarantun biyu, Kado kuwa tana tsakiya, muna ta sayen kifinmu ba mu san wainar da ake toyawa ba.

Sai mun ɗan koma baya kafin a gane abin da ake faɗa a kansa. A watan Agustan 1981 kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta kan tebur, ya sayi ƙwaƙwalwarta daga Intel, ya ɗauki babbar manhajar da ke tafiyar da ita daga wani ƙaramin kamfani mai suna Microsoft. IBM bai hana Microsoft sayar wa wasu wannan manhaja ba, don haka cikin 'yan shekaru Compaq da Dell da wasu da dama suka shiga ƙera irinta, farashi ya yi ta sauka. Apple ya bi wata hanya dabam. Da ya fito da Macintosh a Janairun 1984, shi ke ƙera na'urar, shi ke rubuta manhajar, shi ke yanka farashi. Hanya ta uku ta buɗe a 1991, lokacin da wani ɗalibi a Finlan, Linus Torvalds, ya saki Linux kyauta ga duk mai so, har da izinin ya buɗe cikinta ya gyara. A watan Disambar wannan shekara ce kuma, ranar 12 ga wata, gwamnati ta taso daga Legas ta tare a Abuja.

Da ma'aikatu suka cika gari, sai shagunan buga takardu suka biyo su. Wanda ya zauna Abuja a ƙarshen shekarun 1990 ya san su: ɗaki ɗaya, janareto a ƙofa, injin hoton takarda a lungu, da yarinya ko saurayi a gaban kwamfuta yana buga takardar neman kwangila. Dukkansu Windows ne da Word, sai CorelDraw ga mai yin katin biki da kalanda. Ba wanda ya zauna ya auna ya ce Windows ta fi. Kayan gyaranta ne suka cika kasuwar kwamfuta ta Ikeja, daga can su hauro Abuja da Kano, kuma, mu faɗi gaskiya, faifan manhajar kwafi ne ake sayarwa a bakin titi da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Babbar hujjar masu Linux a Turai ita ce kyauta ce. A nan kuwa Windows ɗin ma kusan kyauta take, ta bayan gida. Ko da 'yan ƙasa suka shiga haɗa kwamfuta, Omatek ta Florence Seriki da Zinox ta Leo Stan Ekeh wadda aka ƙaddamar a 2001 da alamar naira a kan madannanta, Windows suka ɗora.

Ana cikin haka sai ga Nicholas Negroponte, malami a jami'ar MIT ta Amurka. A Janairun 2005 ya tsaya a taron Dabos ya ce zai samar da kwamfutar tafi-da-gidanka ta dala 100, a ba kowane yaro tasa. A Nuwamban shekarar aka nuna samfurinta a Tunis tare da Kofi Annan, har marfin da ake juyawa don cajin batir ya ɓalle a hannunsa a gaban 'yan jarida. Ƙungiyar ana kiranta OLPC, na'urar kuma XO. Kore da fari ce, kalar tutarmu, da 'yan kunnuwa biyu masu kama sigina. An rufe ta yadda ƙura da ruwa ba za su shiga da sauƙi ba, fuskarta ana iya karantawa a tsakar rana, kuma ba ta cin wuta. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin duba waya a rana ta watan Maris zai gane wannan ba ƙaramar dabara ba ce. Ƙwaƙwalwarta ta AMD ce, abokin hamayyar Intel, manhajarta kuma Linux ce da aka yi wa wata sabuwar fuska ta yara mai suna Sugar. Steve Jobs ya yi musu tayin manhajar Mac kyauta, suka ce a kai kasuwa, saboda ba wadda yaro zai iya buɗewa ya ga cikinta ba ce. Ka ga ke nan tun a tashin farko sun taka sawun Intel, sun taka na Microsoft, sun mayar wa Apple kyautarsa.

Shugaba Olusegun Obasanjo na cikin shugabannin farko da suka rungumi shirin, kuma jaridu suka yi ta yaɗa cewa Najeriya za ta ɗauki guda miliyan ɗaya. A watan Maris na 2007 aka kai samfurin gwaji wajen 300 makarantar firamare ta LEA da ke Galadima. Tsarin OLPC shi ne kwamfutar ta yaro ce, ya tafi da ita gida, ya yi wasa da ita, ya koya wa kansa har ya koya wa iyayensa. Yaran kuwa ba su ba da kunya ba. Cikin 'yan makonni suna ɗaukar hoto, suna rubutu, wasu har suna kwance na'urar su gyara wa 'yan uwansu. Amma matsalolin da kowane ɗan Najeriya zai iya hasashe tun daga nesa duk sun bayyana. Ga wuta, ga kuɗin man janareto, ga kuɗin intanet, ga waɗanda suka lalace ko suka ɓace. A watan Yuli Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya ya ba da rahoton cewa an ga hotunan batsa a wasu daga cikin na'urorin, labarin ya zaga duniya, sai daga baya aka sa matata.

Intel bai zauna yana kallo ba. Shugaban hukumar gudanarwarsa, Craig Barrett, tun a 2005 ya yi wa XO shaguɓe cewa abin wasa ne na dala 100, sannan kamfanin ya fito da tasa ƙaramar kwamfutar mai suna Classmate, shuɗiya mai hannun riƙewa kamar jakar makaranta. Wurin gwajinta a Najeriya shi ne ƙaramar sakandaren gwamnati ta Jabi. Intel ya gyara aji, ya horar da malamai, aka tsara abin yadda malami ne a gaba yana jan ragama, ɗalibai na bin darasi a kan na'urorinsu. Classmate ta fi XO tsada da cin wuta, amma tana ɗaukar Windows XP da Word, wato abin da ɗalibin zai tarar ranar da ya shiga ofis a Sakatariya.

Idan ka duba da kyau, ba ƙarfe biyu ake gwadawa ba, ra'ayi biyu ne a kan tarbiyya. Galadima na cewa ka ba yaro kayan aiki ka matsa gefe. Jabi na cewa ka ƙarfafa malami, yaro ya bi shi. Ni dai a ganina mutanen OLPC sun fi basira wajen ƙira, mutanen Intel sun fi sanin halin ma'aikatar ilimi. Babu jami'in da zai ji daɗin shirin da ke nuna kamar malami ba dole ba ne, kuma babu uban da zai yi murna a ce ɗansa ya ƙware a manhajar da ba a amfani da ita a ko'ina sai a makarantarsu. A watan Mayun 2007 Negroponte ya fito a talabijin a Amurka yana zargin Intel da karya farashi don ya kore shi daga kasuwa. A watan Yuli suka sasanta, Intel ya shiga hukumar OLPC. Zaman bai yi ƙarko ba.

A nan gida kuma ƙasa ta riga ta juya. Ranar 29 ga Mayu Obasanjo ya miƙa wa Umaru Musa 'Yar'aduwa mulki, kuma alkawarin baki ba ya bin kujera. Farashin XO ma ya tashi daga dala 100 zuwa kusan 188. A canjin wancan lokaci, da dala take wajen naira 120 zuwa 130, kuɗin guda ɗaya ya haura naira dubu 20. Guda miliyan ɗaya kuwa dala miliyan 188 ke nan, ban da wuta da gyara da horar da malamai. Sabon ministan ilimi, Igwe Aja-Nwachukwu, ya shaida wa BBC a watan Nuwamba cewa bai ga hikimar raba kwamfuta ga yaran da ba su da kujerar zama ko kayan makaranta ba. Mutum na iya ƙin maganar, amma da wuya ya ce ƙarya ce.

Sai rigima ta biyu ta ɓarke, wannan karon a cikin gidan Classmate kanta. An shirya sayen guda 17,000 don makarantun Najeriya, kuma wanda ya ci cinikin manhajar da za a ɗora musu wani kamfanin Faransa ne mai suna Mandriva, mai sayar da nau'insa na Linux. An gama magana, an fara aiko da kaya. Kwatsam ranar 31 ga Oktoba shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya wallafa buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Steve Ballmer na Microsoft. Ya ce an sanar da su cewa za a biya su kuɗinsu cas, amma da na'urorin sun iso za a goge Linux a sa Windows, kuma yana tambayar me aka yi wa abokan cinikinsa har suka sauya ra'ayi. Jaridun fasaha suka bi diddigi, suka ba da rahoton cewa ana tattauna wata yarjejeniyar talla ta dala 400,000 tsakanin Microsoft da kamfanin da ke riƙe da kwangilar, TSC. Microsoft ya musanta aikata ba daidai ba. Bayan 'yan kwanaki asusun USPF na hukumar sadarwa ta NCC, wanda shi ke biyan kuɗin 11,000 daga cikin na'urorin, ya ce shi dai Mandriva zai ci gaba da amfani da ita.

Abin lura a nan, a duk wannan cacar baki tsakanin Faris da Amurka, ba a ji an tambayi malamin da zai tsaya gaban allo ko shugaban makarantar da zai nemo kuɗin mai ba. Kuma dalilin da ya sa kamfani mai biliyoyin daloli zai damu da 'yan kwamfutoci 17,000 a bayyane yake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya fara da Word yana aji ɗaya, Word zai nema yana darakta.

Rigima ta uku ita ce ta fi shafarmu mu masu rubutu da Hausa. Duk wanda ya taɓa buga littafi ko takardar biki kafin zuwan wayoyin zamani ya san wahalar haruffan nan masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ. Madannan da ake kawo mana na Turanci ne, babu su a ciki. Wasu su buga k su bi ta da biro, wasu su sa alamar ɗauri a gefe, wasu su bar mai karatu ya raba "kafa" da "ƙafa" da kansa. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffa na musamman, Rabi'at da Abdalla, waɗanda maɗaba'un Kano suka daɗe suna amfani da su. Sun share hawaye ƙwarai, sai dai idan ka kai rubutun kwamfutar da ba a sa mata su ba, haruffan sai su rikiɗe su zama wasu alamomi. To, OLPC ta tsara madannai na musamman don Najeriya masu ɗauke da haruffan Hausa da Yarbanci da Ibo. Ai kuwa sai wani kamfanin ɗan Najeriya, LANCOR na Ade Oyegbola, mai ƙera madannan Konyin, ya garzaya kotu a Legas a watan Nuwamba. Ya ce OLPC ta sayi nasa ta kwaikwaya, yana neman diyyar dala miliyan 20. OLPC ta musanta, amma a watan Disamba kotu ta ba da umarnin dakatar da raba na'urorin a Najeriya. Wato kwamfutar da ta zo da ƙ ɗinmu a jikinta, a kan ƙ ɗin aka tsayar da ita.

Daga nan abin ya yi ta warwarewa da sauri. A Janairun 2008 Intel ya fice daga OLPC. A watan Afrilu Walter Bender, jagoran manhajar Sugar, ya ajiye aiki. A watan Mayu OLPC da kanta ta sanar cewa za a iya ɗora Windows XP a kan XO. Shirin bai mutu a duniya ba, domin Yurugwai ta raba wa kusan dukkan yaran firamarenta na gwamnati, Peru da Ruwanda ma sun ɗauki da yawa, amma miliyan ɗin Najeriya bai zo ba. Ribar da ta fito ta fito ne ta wata kusurwa. Ganin ana iya ƙera ƙaramar kwamfuta mai araha, Asus ya fito da Eee PC a ƙarshen 2007, sauran kamfanoni suka biyo baya. Ita ma da Linux ta fara, amma da Microsoft ya tsawaita rayuwar XP ya sauke mata farashi, kasuwar ta koma hannunsa. Mandriva kuwa ya rufe a 2015.

Me ya sa Windows ta yi nasara a garin nan? Ban yarda cewa don ta fi kyau ba ne, ban kuma yarda cewa duk maƙarƙashiya ce ba. Kwamfuta ba ta rayuwa ita kaɗai. Tana bukatar mai gyara a kusa, da caja da za a samu a kasuwa, da maƙwabcin da za ka tambaya idan ta ƙi tashi, da injin buga takarda da zai gane ta. XO ta zo ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, Windows kuwa ta shekara fiye da goma tana tara dangi a Wuse da Ikeja. Daga baya hukumomi suka ƙara ɗaure ƙullin. JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole a 2015, cibiyoyin horarwa suka cika unguwanni, kusan duk da Windows. Wani abin dariya shi ne Linux ɗin da aka yi ta faɗa a kanta ta shigo ta taga: Android da ke cikin Tecno da Infinix da Samsung ɗinmu a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta. A kanta ne kuma yawancinmu muka fara samun ɓ da ɗ da ƙ ba tare da roƙon kowa ba, ka danne harafi kawai su fito.

Yanzu mu dawo kan uban nan da ɗansa da kawu. Kowannensu na da gaskiyarsa. Mac ta yau, tun da Apple ya koma ƙwaƙwalwar kansa ta M1 a 2020, batirinta na daɗewa sosai, kuma a garin da wuta ke wasan ɓuya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai son rubuta manhajar iPhone ma dole sai da ita. Amma ma'ajiyarta a manne take da allon ciki, ba a ƙara mata, kuma ranar da fuska ta fashe kuɗin gyaran zai iya sayen wata HP sukutum. Ɗalibin zanen gine-gine ko injiniya ko safiyo ya fara tambaya a sashensu, domin Revit da SolidWorks da ArcGIS Pro don Windows aka yi su. Linux na farfaɗo da tsohuwar na'ura, kuma ga mai karatun kimiyyar kwamfuta makaranta ce da kanta, sai dai ya shirya zama makanikin kansa.

Mai zuwa Banex neman ta hannu kuma akwai abin da ya kamata ya riƙe. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, sai ga wanda ya shiga wani shirin ƙarin wa'adi na wucin gadi. Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar yawancin ƙwaƙwalwar Intel da ta gaza zubi na takwas. Wannan ya sa ofisoshin Turai da Amurka ke sauke tsofaffin na'urorinsu, kuma kowa ya san inda irin waɗannan kaya ke ƙarewa. Za ka ga EliteBook fes, ba ko ƙwarzane, da farashi mai daɗi, har an ɗora mata Windows 11 ta hanyar dabara. Kada a tsaya kan "Core i5 ce" kawai. A sa mai shago ya buɗe bayanan na'urar a duba lambar da ke bin i5 ko i7 ɗin. Idan aka ga irin 6300 ko 7200, zubi na shida ko na bakwai ke nan. Idan 8250 ce ko 8350, zubi na takwas ne, ta tsallake. Daga zubi na goma lambar kan fara da 10 ko 11 ko 12. A cire caja kuma a bar ta tana aiki a gabanka na ɗan lokaci, a ga yadda batirin ke sauka kafin a ƙirga kuɗi.